Ibn Nafis, malamin fiƙihun da ya gano hanyar jini

A wannan Juma'ar za mu waiwayi rayuwar Ala'uddin Ali ibn Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibn Nafis.

An haife shi a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekarar 1213. Ya yi karatun likitanci a asibitin Nuri da ke birnin, daga baya ya koma Alƙahira, inda ya zama babban likita. Bai tsaya ga magani kaɗai ba, malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya, har yana karantar da shi.

A zamaninsa likitoci sun fi shekara dubu suna riƙe da maganar Jalinus, likitan Girka. Shi ya ce jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Har Ibn Sina ma bai kauce wa wannan ba.

Wajen 1242, bai kai shekara talatin ba, Ibn Nafis ya yi sharhi a kan littafin Alƙanun na Ibn Sina, ya nuna cewa bangon da ya raba ɓangarorin nan biyu mai kauri ne, babu wata ƙofa a jikinsa. Jinin yana fita ne daga dama ya nufi huhu, ya haɗu da iska a can, sannan ya dawo hagu. Ya kuma bayyana cewa ita kanta zuciya tana da jijiyoyinta da ke ciyar da ita. Waɗannan ne idan suka toshe sai a ji wai mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini a jiki gaba ɗaya. Aikin Ibn Nafis kuwa an manta da shi, sai a 1924 wani likitan Masar, Muhyiddin Tatawi, ya tono rubutun a ɗakin karatu na Berlin.

Masu tarihi sun ruwaito cewa a ciwon ajalinsa an ba shi shawarar ya sha giya a matsayin magani, ya ƙi, don ba ya son haɗuwa da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri.

To 'yan'uwa, zuciyar nan tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Mu da muke wuni a shagunan Wuse, Utako ko Dei-Dei, yaushe rabonmu da awon jini? Hawan jini sau da yawa ba ya sallama. Awon bai wuce minti biyar ba, kuma lafiya amana ce. Alhaji a daure a je, a tafi da Hajiya.

Allah ya jiƙan Ibn Nafis, ya ƙara mana lafiya. Amin.