Arthur Coningham, Matuƙin da Ya Fara Sauke Jirgin Sama a Kano

Ranar 1 ga watan Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, mutanen birni suka ji wani rugugi daga gabas wanda ba su taɓa jin irinsa ba. Kafin a jima sai ga jiragen sama guda uku sun sauka a filin sukuwa. Shugaban ayarin wani hafsan mayaƙan saman Ingila ne mai shekara 30 da haihuwa, sunansa Arthur Coningham.

An haife shi a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya ranar 19 ga Janairu, 1895, amma a ƙasar New Zealand ya tashi, ya yi makaranta a Wellington. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga soja, sai zazzaɓin taifot ya kama shi, aka sallame shi a 1916. Wani da ya koma gida ya zauna. Shi kuwa sai ya wuce Ingila, ya shiga rundunar jiragen sama, ya yi yaƙi a Faransa har ya sami lambobin jarumtaka.

Tafiyar Kano ta fara ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, 1925. Jiragen samfurin DH.9A ne, masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, da inji guda, kowanne yana ɗaukar mutum biyu a buɗaɗɗen mazauni. Suka bi ta Sudan da ƙasar Cadi, suka shigo ta Barno. Abin dogaronsu shi ne kamfas da taswira da agogo da kuma idanunsu. Babu wata tashar rediyo a ƙasa da za ta nuna musu hanya. Matuƙi zai lissafa gudun jirginsa da lokacin da ya ci, ya ƙiyasta yadda iska ta karkatar da shi, sa'an nan ya leƙa ƙasa ko zai ga kogi ko dutse da zai gaskata lissafinsa.

Duk wanda ya san hazon hunturu a Mashi ko Daura, ranar da mutum ba ya hango ƙarshen gonarsa, zai gane girman kasadar. A cikin hazo ko gajimare, da zarar matuƙi ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, jikinsa yakan yaudare shi. Sai ya ji kamar jirgin yana tafiya daidai, alhali kuwa ya karkata yana gangarawa. Maganin wannan bai samu ba sai a 1929, lokacin da wani Ba'amurke, James Doolittle, ya tashi ya kuma sauka cikin rufaffen mazauni, yana duban na'urori kaɗai. Daga nan ne horon tuƙi da na'ura ya samo tushe. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, mai neman wannan shaida sai ya cika sa'a 40 yana tuƙi da na'ura, da sa'a 50 na tafiya tsakanin garuruwa yana shugaban jirgi. Irin wannan horo ne ake bayarwa a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Coningham da mutanensa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori na zamani, amma sun zo, sun kuma koma Masar, aka ba shi lambar yabo.

Amfanin tafiyar bai fito sosai ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. Da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, daga 1940 Ingila ta riƙa kai jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Ikko da Kano da Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Wani abin mamaki shi ne, wanda aka naɗa a 1941 ya shugabanci mayaƙan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, masu jiran waɗannan jirage, shi ne Coningham ɗin nan. Bayan nasarar El Alamein a 1942 aka ba shi sarautar Sir, a 1944 kuma ya jagoranci wata babbar rundunar sama a yaƙin ƙwato Faransa. Ya bar aiki a 1947.

A ƙarshen Janairu, 1948, ya shiga wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger. Jirgin ya tashi daga tsibiran Azores zuwa Bermuda da mutum 31, yana tafiya ƙasa-ƙasa saboda iska mai ƙarfi da ke tunkararsa. Da tsakar daren 30 ga wata aka daina jin muryarsa a rediyo. An yi kwanaki ana bincike a tekun Atlantika, ba a sami ko ɓaraguzansa ba. A wannan rana ce aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, a ranar ce kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyu da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, ya rasu a Amurka.