Nana Asma'u 'Yar Shehu da Matan 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna, kuma tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare cikin ƙaura da yunwa da fargabar yaƙi. Duk da haka karatunta bai yanke ba, har ta ƙware a Larabci da Fillanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Lema, wanda daga baya ya zama Wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da Bello ya kafa ribaɗi a Wurno kusa da gulbin Rima, sai zaman Asma'u da mijinta ya rabu tsakanin Sakkwato da wannan gari, inda Bello ya rasu a 1837.

Kafin jihadi, matan Gobir suna da filinsu na waƙa da rawa, watau bori, a ƙarƙashin Inna. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, da yawa daga cikinsu suka shigo gidajen jama'ar Shehu da ƙauyukan da ke kewaye, malamai kuwa suka hana bori. To, hani abu ne mai sauƙi, amma ina waɗannan mata za su kai muryarsu? Matar aure ba ta fita, ba ta jin Larabci, mafi yawansu ko Fillanci ba su ji, littattafai kuma rubutun hannu ne, sai gidan malami.

Asma'u ta fara da harshe. Wajen 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci zuwa Hausa. Ta kuma tsara nata waƙoƙin, irin su Godaben Gaskiya da wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, da kalmomin da mai daka da mai kaɗi za su iya riƙewa a ka. Mu ɗalibai mukan duƙufa kan karin waɗannan waƙoƙi da amsa-amonsu a takarda, mu manta cewa don maƙogwaro aka yi su.

Sannan ta dubi wadda za ta iya tafiya. Ta zaɓi dattijan mata masu mutunci daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, sunan da aka san jagoran ayari da shi. Takan ba jaji malfa da jan ƙyalle a naɗe, irin alamar da a dā aka san Inna da ita, domin jama'a su gane cewa girman nan ya koma hannun masu ilimi. Idan rani ya yi, jaji takan taso da tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, a ƙasa, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu na sadaka, wanda Asma'u takan raba wa mabukata. A ɗakinta suke zama, ta rera baiti su maimaita, ta yi musu bayani, har ya zauna. In sun koma gida sai su shiga wurin matan kulle su rera musu. Ta haka tsakar gida ta zama dandali, wadda aka hana fita kuma waƙa ta same ta har ɗaka. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Ya kamata a faɗi gaskiya, ƙofar da ta buɗe mai sharaɗi ce. Ba ta ba goge ko garaya wuri ba, kuma ta soki bori a waƙoƙinta ba sassauci. Sai dai wadda ta shigo, ba a duba asalinta ko harshenta. Ana iya gane matsayinsu a wurinta daga marsiyyar da ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, alhali an fi sanin marsiyya da sarakuna da manyan malamai.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Allah ya jiƙanta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar jajoji, ƙanensu Isa kuma ya mayar da wasu waƙoƙinta Hausa, ciki har da Waƙar Gewaye. Fiye da shekara ɗari bayan rasuwarta, Jean Boyd ta tarar da tsofaffin mata a ƙasar Sakkwato suna rera waƙoƙinta da ka, kuma a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta kimanin sittin cikin kundi ɗaya.