Farfesa Ahmad Ibrahim: Wanda Ya Ɗaga Darajar Kotunan Musulunci A Malesiya

Duk Musulmin da maganar aure, saki ko riƙon 'ya'ya ta kai shi gaban alƙali a Kuala Lumpur, ya taka hanyar da marigayi Farfesa Ahmad Ibrahim ya share.

An haife shi a Singafo a shekarar 1916. Ya yi karatun lauya a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya koma gida ya riƙa hawa har ya zama Babban Lauyan Gwamnatin Singafo na farko bayan ƙasar ta tsaya da ƙafarta a 1965. Shi ne jigo wajen tsara dokar tafiyar da al'amuran Musulmi ta can, ta 1966.

A 1969 ya koma Kuala Lumpur yana koyarwa a Jami'ar Malaya, inda ya zama shugaban tsangayar shari'a na farko a 1972. Da aka kafa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a 1983, shi ya assasa tsangayar shari'arta, wadda yau take ɗauke da sunansa, kuma ɗaliban Najeriya da dama sun sha daga gare ta.

A Malesiya, shari'ar Musulunci hurumin jihohi ce, kowace da dokarta. A wancan lokaci kotun alƙali ba ta da wani ƙarfi. Sai ta yanke hukunci kan riƙon yaro, wanda bai gamsu ba ya garzaya Babbar Kotu a warware. Wannan ya dami marigayin ƙwarai. Ya yi ta rubuce-rubuce da ba gwamnati shawara har aka gyara tsarin mulki a 1988, aka sa sashe na 121(1A), wanda ya hana kotunan gama-gari tsoma baki a abin da yake hurumin kotun Musulunci. Ya kuma sa hannu wajen tsara dokokin iyali da na hanyoyin gudanar da shari'a, domin alƙali ya yi aiki bisa rubutacciyar ƙa'ida.

Gyaran dai bai kashe gardama ba, musamman idan ɗaya daga cikin ma'aurata ya musulunta. A 2018 Kotun Tarayya ta yanke cewa kotunan gama-gari suna da ikon duba ko hukumomin addini sun wuce iyakar doka.

Ya rasu a watan Afrilu na 1999. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.