Malam Aminu Kano: Mutumin da ya ƙi a yanke wa talaka hukunci a bayan idonsa

A shekarun 1950, manomin Bichi da na Dambatta ke noma gyaɗar da ake tara dala da ita a Kano, amma hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka farashi, tana duban kasuwar Ingila. Ba mai tambayar manomi. Irin wannan ne Malam Aminu Kano ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa.

An haife shi a birnin Kano a 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna da Landan, ya koyar a Bauchi da Maru, sannan ya ajiye alli ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agustan 1950.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: talaka ya zaɓi wakili, wakili ya zaɓi wani, En'e kuma ta cusa nata mutanen. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a Kano, amma da aka kai sama ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Daga nan Malam ya dage a kan zaɓe kai-tsaye, har da mata.

Ya halarci tarukan tsarin mulki a Landan, ya ci kujerar Majalisar Wakilai a 1959, bayan samun 'yancin kai kuma ya shiga tawagar Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1979 gwamnatin jam'iyyarsa ta PRP ta soke haraji da jangali a Kano. Ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983.

Yau ma akwai shawarwarin da ake yankewa nesa da gona. A Majalisar ECOWAS Najeriya na da kujeru 35, amma daga majalisun ƙasashe ake tura wakilan, ba talaka ke zaɓensu kai-tsaye ba. Da aka rufe iyakar Nijar a 2023 saboda takunkumin ƙungiyar, 'yan kasuwar Dawanau da manoman da ke kai musu hatsi sun ji a jikinsu, alhali ba wanda ya nemi shawararsu.

Hawa-hawan da Malam ya yaƙa a gida yana nan a Afirka ta Yamma.