Tarihin Sarki Joji na Shida, Mayaƙin Ruwa

An haifi Sarkin Ingila Joji na Shida a Sandiringam ran 14 ga Disamba 1895, aka sa masa suna Albat. Shi ne ɗa na biyu ga Sarki Joji na Biyar, saboda haka ba wanda ya zaci sarauta za ta faɗo kansa, gama yana da wa. Tun yana yaro yana da i'ina mai tsanani, ga yawan kunya.

Cikin 1909 aka kai shi makarantar mayaƙan ruwa ta Osbon. Karatu bai karɓe shi ba, har da aka yi jarrabawar fita shi ne na ƙarshe a ajinsu. Duk da haka bai karai ba, ya wuce makarantar Datmus. Cikin 1913 aka sa shi a wata manuwa mai suna Collingwood, yana tsaron dare yana cin abincin ƙananan hafsoshi kamar kowa.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Jamus, yana cikin wannan jirgi aka yi babban karon nan na Jutlan ran 31 ga Mayu 1916. Aikinsa a ɗakin manyan igwa yake, ya kuwa tsaya inda aka ajiye shi har aka gama. Gyambon ciki ya matsa masa, likitoci suka yi masa aiki cikin 1917, daga nan ya bar teku.

Ya nemi auren Elizabet, 'yar wani babban basarake na Sikotlan. Sau biyu tana ƙi don gudun nauyin gidan sarauta, a na uku ta yarda, aka ɗaura aure cikin Afrilu 1923. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, Elizabet cikin 1926, Margaret cikin 1930. Ba shi da abin da ya fi so kamar zama da su a gida. Matar nan kuwa ita ta riƙa raka shi wurin Layonel Log, mutumin Ostareliya mai gyaran magana, har ya iya jawabi gaban jama'a.

Cikin Disamba 1936 wansa Edwad na Takwas ya yi murabus saboda matar da ya nace zai aura. Albat bai so ba, amma ya ɗauki kayan da wansa ya ajiye, ya ɗauki sunan ubansa, aka naɗa shi ran 12 ga Mayu 1937. Kansa ne ke kan sulen da aka riƙa biyan ma'aikatan En'e da shi a zamanin nan.

Da yaƙi na biyu ya zo aka ba da shawara a kai 'ya'yansa Kanada, shi da Sarauniya suka ƙi. Aka ajiye yaran a Winsa, su kuwa suna yini a London. Cikin Satumba 1940 bom ya faɗa fadar Bakingam suna ciki, ba su ƙaura ba, sai suka riƙa zaga unguwannin da aka rushe suna yi wa talakawa jaje.

Wahalar yaƙi da yawan shan taba suka ci jikinsa, cikin 1951 aka cire masa huhu guda. Ran 31 ga Janairu 1952 ya ƙi jin ta likitoci, ya fita cikin sanyi ya raka babbar 'yarsa filin jirgin sama, za ta Kenya a madadinsa. Ba su sāke ganawa ba. Ya rasu cikin barci ran 6 ga Fabrairu, yana da shekara 56, a Sandiringam inda aka haife shi.

Mai riƙe da aikin jama'a ya duba wannan. Ga mutum ba fasaha, ba baki, ba lafiya, amma da aka ɗora masa kaya bai kauce ba, bai kuma bar hidimar mulki ta raba shi da iyalinsa ba.