Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Mai Takobi, Mai Alƙalami, Mai Magani

Da edita ya nemi in rubuta tarihin wani babban mutum, ban yi nisa ba, na ɗauko maƙwabcinmu. Mu mutanen Kagara da kewaye mun tashi muna jin labarin hubbarensa da ke Wurno. Amma abin da ya sa na koma na bi rayuwarsa da idon basira shi ne ciwon kawuna, wanda zan zo kansa.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya zama ɗaya daga cikin jagororin yaƙi. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, da Shehu ya rasu a 1817 kuma aka yi masa mubaya'a. Wannan duk mun haddace shi don cin jarrabawa, ba sai na ja ba.

Abin da ba a cika gaya mana a aji ba shi ne, Bello masanin magani ne. Sarautarsa ba ta hutu ba ce, tun farkonta ya fuskanci tawayen Abdussalami a Kware, ga Gobirawa da Kabawa ba su bar shi ya sarara ba. Duk da haka ya sami sukunin zama ya rubuta littattafai a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko. Ku duba fa, sarkin da ke riƙe da daula tun daga nan har Adamawa, shi ne ya zauna yana bayanin ciwon da mutane ke jin kunyar faɗa. Ni wannan ya fi burge ni a kan yaƙe-yaƙensa.

Da Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. An kuwa haɗa Clapperton da likita a tafiyarsa ta biyu, sai dai likitan bai iso ba, shi kansa Clapperton a nan ya mutu a 1827.

Sai batun sana'a. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa haƙƙi ne a kan shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya tabbatar kowane gari ya sami rabonsa. A cikin jerin nan ya sa masu magani. Haka ya yi a ribaɗoɗin da ya kafa, ya zaunar da makiyaya da masu sana'a wuri guda. Wurno ce babbarsu, can ya tare a ƙarshen rayuwarsa.

To ga labarin kawu. Baduku ne, shekara arba'in yana ɗinkin fata, sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likitoci sun yi nasu, masu gashin ƙashi suka tayar da shi ya taka. Amma ya dawo gida ba ya iya riƙe basilla, ba ya iya ɗaura zariyar wandonsa. Ya daina fita zaure, abinci ma sai da lallashi. A wani asibiti can nesa muka dace da wata ma'aikaciya wadda karatunta ke nan, wato jiyya ta hanyar aikin da mutum ya saba. Ta naɗe ƙotar basillarsa da tsumma ta yi kauri, ta fara shi da fata mai laushi, ta koya masa sa riga da hannu ɗaya. Bayan wata bakwai ya ɗinka kuben wuƙa. A karkace yake, amma yana nan a ɗakina.

Kada a ce na ce Bello ne ya ƙago wannan fanni, a'a. A Amurka aka kafa ƙungiyarsa ta farko a 1917. Abin da na gani kawai shi ne, mutumin da ya jera mai magani da maƙeri a layi ɗaya ba zai yi mamakinsa ba. A Nijeriya ana yin digirinsa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, akwai kuma makarantar tarayya a Oshodi, Legas. Wanda ya gama yana iya zurfafawa a kan yara masu naƙasa, ko masu shanyewar jiki, ko raunin hannu, ko taɓin hankali, ko tsofaffi. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da mu. Amma duk ƙanen da na tambaya burinsa, likita zai ce, in bai samu ba ya zauna gida shekara uku yana sake jarrabawa.

Bello ya yi babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke a 1836, ya yi nasara. Shekara ta zagayo, ciwo ya kwantar da shi a Wurno, ya rasu a 1837 bayan shekara ashirin a kan mulki, aka binne shi a can. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Daga zuriyarsa ta Rabah aka sami Sardauna Ahmadu Bello. Allah ya jiƙan su, amin.