Tarihin Salimuzzaman Siddiƙi, Masanin Sinadarai da Ya Binciki Dogon Yaro

Babu ɗayanmu a Sabon Gida, ko Madawa, ko Buza, ko Keita, da bai taɓa zama a inuwar dogon yaro ba, itacen da wasu ke kira bedi, wasu kuma darbejiya. Da reshensa muke asuwaki, ganyensa ake dafawa idan zazzaɓi ya kama mutum, kuma tun daga shekara ta 1975 aka jera shi layi-layi a kwarin Majiya domin ya tare wa gonaki iska. Amma da za a tambaye mu mene ne a cikinsa yake kawo ɗacin nan, kuma wane gwargwado ne magani, wane ne cuta, da yawanmu sai mu yi shiru. Asalin itacen daga ƙasar Indiya yake, kuma a can aka haifi mutumin da ya zauna ya fara tsamo amsar wannan tambaya da awo da gwaji. Tarihinsa ne za mu kawo muku.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Salimuzzaman Siddiƙi ranar 19 ga watan Oktoba na shekara ta 1897, daidai da 1315 bayan hijira, a garin Subeha kusa da birnin Laknau, a arewacin Indiya, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Gidansu gidan ilimi ne, wansa Khaliƙuzzaman ma ya zama ɗaya daga cikin manyan shugabannin siyasar Musulmin Indiya. Ya fara da karatun harshen Urdu da na Farisa, sa'an nan ya shiga kwalejin Musulmi ta Aligar, inda ya karanci falsafa da adabin Farisa. Yana da hannu wajen zane, kuma yana son waƙe, bai rabu da su ba har tsufansa.

Daga nan ya tafi London da niyyar karatun likita, amma bai daɗe ba ya sauya hanya. A shekara ta 1921 ya koma birnin Farankfot na ƙasar Jamus, wadda a wancan zamani babu kamarta a ilimin sinadarai, wato ilimin da ke binciken abin da aka yi kowane abu da shi, da yadda ake raba shi, da yadda ake haɗa shi. Ya yi karatu a hannun wani babban malami mai suna Julius von Braun, ya sami digirin dakta a shekara ta 1927.

Amanar Hakim Ajmal Khan

A birnin Delhi akwai wani mashahurin malamin ɗibbu, Hakim Ajmal Khan, wanda ya gaji hanyar magani ta su Ar-Razi da Ibnu Sina, ya kuma kafa kwaleji domin koyar da ita. Wannan malami yana ba da saiwoyi da sassaƙe kamar yadda ya gada, yana ganin suna aiki, amma bai wadatu da haka ba. Yana so a san abin da ke aikin a cikinsu, domin saiwa ɗaya takan yi ƙarfi a wannan ƙasa ta yi rauni a waccan, mai magani kuwa ba ya iya gane bambancin da ido. Shi ya ɗora wa Siddiƙi wannan aiki, aka buɗe masa ɗakin bincike a kwalejin. Allah ya yi wa Hakim rasuwa a ƙarshen shekara ta 1927, bai ga amfanin abin da ya shuka ba.

Itacen da Siddiƙi ya fara da shi wani ɗan tsiro ne da Indiyawa ke kira sarpaganda, masana kuma suna ce masa Rauwolfia serpentina. Tun zamanin da ake ba da saiwarsa ga mai taɓin hankali, da mai rashin barci, da wanda maciji ya sara. Yana da kyau mu san yadda irin wannan aiki yake, domin mu san nauyinsa. Ana shanya saiwar, a niƙa ta, a jiƙa a ruwan da ke janye ƙarfinta, a tace, a ƙafe ruwan. Abin da ya rage cakuɗe ne na sinadarai masu yawa. Sai a riƙa zuba masa ruwa mai tsami, a bi shi da mai kaifi irin na kanwa, domin wasu sinadaran suna narkewa a wannan, wasu suna kwanciya a wancan. Haka za a yi ta maimaitawa har kowane ɗaya ya fito shi kaɗai, ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. Daga nan a auna zafin da yake narkewa, a ƙona kaɗan a lissafa abubuwan da ke cikinsa, kafin a ce an san shi. Daga tulin saiwa, abin da ake samu ba ya cika tafin hannu.

A shekara ta 1931, shi da abokin aikinsa Rafat Husain Siddiƙi suka fitar da sinadarai biyar daga wannan saiwa. Mafi girmansu ya raɗa masa suna ajmalin, domin tunawa da Hakim Ajmal Khan. Bai sa sunan kansa ba, ya sa na wanda ya ba shi amanar. Daga baya aka tabbatar ajmalin yana daidaita bugun zuciya idan ya rikice, kuma likitocin zuciya suna yin allurarsa domin gano wata cuta ta gado da ke kashe mutum farat ɗaya. Ba a yin wannan allura sai a asibiti, na'ura tana lura da zuciyar, saboda maganin da ke gyara bugu shi ne ke ɓata shi idan ya wuce kima.

Ba dukan abin da ke cikin saiwar ya samu ba. A shekara ta 1952 masu bincike na kamfanin Ciba a ƙasar Suwizalan suka fitar da wani sinadarin daga cikinta, mai suna risafin, wanda ya zama ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko a duniya. Amma ƙofar da suka shiga, aikinsa na cikin abin da ya buɗe ta.

Aikinsa a kan dogon yaro

A shekara ta 1940 ya koma hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Indiya. A nan ya juya ga dogon yaro, kuma a shekara ta 1942 ya fitar da sinadarai uku masu ɗaci daga man ƙwallonsa, ya kira su nimbin da nimbinin da nimbidin, daga nim, sunan itacen a Indiya. Wannan ne ya sa masana suka fara kallon dogon yaro a matsayin rumbun sinadarai. A shekara ta 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane kore ta bar dogon yaro, kuma a 1968 aka fitar da sinadarin da ke hana ta ci, azadiraktin, a Ingila. Da masana suka so su gina wannan sinadari da hannunsu a ɗakin bincike, ba tare da itacen ba, sai da wani rukuni a jami'ar Kambirij ya shafe shekara 22 kafin ya kammala a 2007. Abin da ya ci masu ilimi wannan tsawon lokaci, itacen da ke ƙofar gidanmu yana yin sa kowace shekara ba tare da hayaniya ba.

Komawarsa Pakistan da rasuwarsa

Bayan an raba Indiya a 1947, firaministan Pakistan Liyaƙat Ali Khan ya nemi ya zo ya gina wa sabuwar ƙasar harkar bincike. Ya ƙaura a 1951, ya kafa hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta ƙasar a 1953. A 1961 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta London. Da ya ajiye aikin gwamnati, maimakon ya zauna ya huta, sai ya shiga jami'ar Karachi a 1967, yana da shekara saba'in, ya kafa cibiyar binciken sinadarai, ya shugabance ta har 1990. A can ma bai bar dogon yaro ba, shi da ɗalibansa, maza da mata, sun ci gaba da fitar da sababbin sinadarai daga ganyensa da ƴaƴansa da ɓawonsa. Ya rasu a Karachi ranar 14 ga Afrilu 1994, daidai da 1414 bayan hijira, yana da shekara 96.

Abin lura gare mu

Ƴan'uwa, wannan bawan Allah bai raina maganin kakanninsa ba, kuma bai karɓe shi ido rufe ba. Ya girmama shi har ya ga ya cancanci a auna shi. Mu kuwa a yau muna tsakanin mai dafa ganye a tukunya ba awo, da mai sayen ƙwayoyi a faranti a kasuwa, waɗanda rana ta gasa, ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Likitoci a Indiya da Malesiya sun rubuta labarin jarirai da aka ɗura wa man dogon yaro, suka kama amai da jijjiga, wasu suka rasu. Saboda haka kada a ba jariri wannan mai, kuma yaron da zazzaɓi ya kama a gaggauta kai shi asibiti a gwada jininsa.

Iyayenmu masu sanin itatuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da suka sani. Hakim Ajmal Khan ya sami saurayi ɗaya ya danƙa masa nasa, shi ya sa sunansa yake kan magani har yau. Wanda Allah ya ba ɗa ko ɗiya mai son lissafi da kimiyya a cikinmu, ya daure ya bar su su yi nisa, ko a dace a sami wanda zai yi wa sabara da marke da bagaruwa abin da Siddiƙi ya yi wa dogon yaro. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya amfanar da mu da abin da muka karanta. Amin.